Ko Ka Sani? Injin Niƙa Doka Mai Rariya Biyu

Ranar Laraba 18 ga Afrilun 2018, ana tsakiyar zama a Majalisar Dattawa a Abuja, wasu ƙarti suka kutsa zauren, suka suri sandar majalisa daga kan teburi, suka yi waje da ita. Nan take aiki ya tsaya cik. Sai da aka ɗauko sandar ajiya aka ɗora a gurbinta, sannan Ike Ekweremadu, wanda ke jagorantar zaman a ranar, ya iya ci gaba. Washegari 'yan sanda suka ce an tsinci ta farkon a ƙarƙashin wata gada kusa da ƙofar shiga birnin.

Me ya sa ɓacewar sanda ɗaya zai ɗaure hannun dattawa fiye da ɗari? Domin ita ce makunnin injin. A al'adar majalisa, wadda muka gada daga Ingila, in ba sanda a kan teburi, taron ya zama hira, ko da kuwa kowane sanata yana kan kujerarsa. Tunda mun ga makunni, bari mu buɗe cikin injin mu ga yadda aka harhaɗa shi.

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san gari ba ya zuwa tukunya sai an tankaɗe. Majalisar Tarayyar Najeriya rariya biyu gare ta, kuma kowace da irin idonta. Ta farko Majalisar Dattawa, mai jan zaure, kujerunta 109: sanata uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, da ɗaya daga Abuja. Ta biyu Majalisar Wakilai, mai koren zaure, kujerunta 360, waɗanda aka raba bisa yawan jama'a. A koren zaure Kano tana da 24, Legas 24, Kaduna 16, Bayelsa da Nasarawa biyar-biyar, Abuja biyu. Amma da an tsallaka jan zaure, Kano da Bayelsa sun zama ɗaya, uku-uku. A nan dabarar take. Jihar da Allah ya ba yawa tana da inda za ta nuna yawanta, ƙarama kuma tana da inda ba mai taka ta.

Wannan dabara Amurkawa ne suka ɗinka ta a taron Filadelfiya na 1787, lokacin da manyan jihohinsu suka ce a yi rabo da yawan mutane, ƙananan suka ce sam, a yi kai-da-kai. Da rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai aka yi zaure biyu, aka ba kowa abin da yake so a ɗaya. Najeriya ta ɗauki wannan samfuri a tsarin mulkin 1979, inda jihohi 19 na lokacin suka aika sanata biyar-biyar, jimilla 95. Kafin nan ma muna da Majalisar Dattawa tun 1960, kuma Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko, sai dai sanatocin wancan zamani ba talakawa ke jefa musu ƙuri'a ba, yankuna ne ke turo su. Mutanen Arewa kuwa zaure biyu ba baƙon abu ba ne a wurinsu. A Kaduna, zamanin Sardauna, akwai Majalisar Wakilai ta zaɓaɓɓu da Majalisar Sarakuna, har juyin mulkin 1966 ya rufe su duka.

Wa ke iya shiga? Ɗan ƙasa mai ilimin da ya kai matakin sakandare, wanda jam'iyya ta tsayar. Sanata sai ya cika shekara 35. Ɗan majalisar wakilai a da sai 30, amma gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018 ya sauko da shi 25. Wa'adi shekara huɗu ne daga ranar zaman farko, kuma ba a yanka musu iyakar zango ba, muddin mazaɓa na ci gaba da maido su. Kowane zaure shi ke zaɓen shugabansa daga cikinsa. Majalisa ta goma da aka ƙaddamar ranar 13 ga Yunin 2023 ta zaɓi Godswill Akpabio da Barau Jibrin a Dattawa, Tajudeen Abbas na Zariya da Benjamin Kalu a Wakilai.

Yanzu mu zuba hatsi a bakin injin. Sunansa ƙudurin doka. Yana iya fitowa daga fadar shugaban ƙasa, yana iya fitowa daga hannun ɗan majalisa guda, kuma yana iya farawa daga kowane zaure. Karatu na farko ba karatu ba ne can, akawun majalisa ne zai ambaci sunan ƙudurin, shi ke nan. A karatu na biyu ake kokawa. Mai ƙuduri ya tashi ya faɗi amfaninsa, masu goyon baya su yi, masu suka su yi, sannan mai guduma ya tambaya: su wa suka yarda, su wa ba su yarda ba? Ƙuduri da yawa a nan suke kwantawa. Babban misali shi ne na 16 ga Mayun 2006, ranar da Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi fatali da ƙudurin gyaran tsarin mulki wanda ke ɗauke da batun tazarcen Shugaba Obasanjo. Da murya kawai aka kashe shi.

Wannan ƙuri'ar murya tana da nata abin dubawa. Kunnen mutum ɗaya ne ma'auni, wato na mai riƙe da guduma, kuma sau nawa muka gani a talabijin masu cewa a'a sun cika zaure da ihu, amma guduma ta sauka a kan masu cewa e? Akwai maganin hakan a cikin ƙa'idojin majalisa: ɗan majalisa ya ƙalubalanci hukuncin, ya nemi a kira kowa da sunansa ya faɗi ra'ayinsa. An yi haka ranar 15 ga Yulin 2021 kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, bayan Sanata Enyinnaya Abaribe ya dage, aka tashi 52 da 28. A ganina wannan ita ce ƙuri'ar da ta fi amfanar talaka, domin a ranar ne yake sanin inda nasa ya tsaya. Watakila shi ya sa ba a cika son yin ta ba.

Ƙudurin da ya tsira sai a miƙa shi ga kwamiti. Zaure shi ne abin da kyamara ke nunawa, amma ainihin niƙan a ɗakunan kwamiti ake yi. A can ake bin ƙuduri layi-layi, a kira ma'aikatun da abin ya shafa, sannan, in ƙuduri mai nauyi ne, a yi zaman jin ra'ayin jama'a. Wannan ƙofa ce da aka bar wa wanda ba ɗan majalisa ba. Ƙungiyar manoma, ta 'yan kasuwa, ta malaman makaranta, ko mutum shi kaɗai, kowa na iya rubuta takarda ya aika, ko ya je ya yi magana. Daga nan kwamiti ya kawo rahoto, zaure duka ya juye ya zama kwamiti ya bi sashe-sashe, a yi karatu na uku, guduma ta sauka.

Da zaure ɗaya ne, da an gama. Amma sai a ɗauki ƙudurin nan a tsallaka da shi ɗaya zauren, ya sake bin layin nan tun daga karatu na farko. Tsarin mulki ya ce sai zaurukan biyu sun amince da abu iri ɗaya. In wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, sai kowanne ya ba da wakilai a kafa kwamitin daidaitawa. Dokar man fetur ta nuna yadda wannan haƙori na injin ke cizo. A Yulin 2021 Majalisar Wakilai ta amince a ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da kamfanonin mai ke kashewa wajen gudanar da aikinsu ga garuruwan da ake haƙo man, Dattawa suka ce kashi 3. Kwamitin daidaitawa ya ɗauki na Dattawa, aka yi hayaniya a koren zaure, amma a ƙarshe kashi 3 ɗin ne Buhari ya rattaba wa hannu ranar 16 ga Agustan 2021.

Ka lura da wannan dokar sosai, domin tun 2008 aka fara kai ta majalisa. Abin da ya riƙa cinye ta wata ƙa'ida ce mai sauƙi: duk ƙudurin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa ya ƙare, ya mutu da ita, sabuwar majalisa sai ta sake ɗauko shi. Shekara goma sha uku ana wannan safa da marwa. To ka ajiye wannan kusa da dokar da ta maido da tsohon taken ƙasa. Majalisar Wakilai ta yi mata karatu ukun a wuni ɗaya, ranar 23 ga Mayun 2024, Dattawa suka amince ranar 28, Shugaba Tinubu ya sa hannu ranar 29. Mako ɗaya bai cika ba. Inji ɗaya ne, rariya biyun nan ne dai, ƙa'ida ba ta sauya ba. Abin da ya bambanta shi ne hannun da ke tura hatsin. Masu cewa zaure biyu na jawo nawa suna da gaskiya, amma nawar tana da zaɓe.

Bayan zaurukan biyu sun daidaita, akawun majalisa ya aika wa shugaban ƙasa. Kwana 30 gare shi, ko ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, akwai hanya biyu. Majalisa na iya gyara abin da ya yi ƙorafi a kai, kamar yadda aka yi da dokar zaɓe, wadda Buhari ya mayar a Disamban 2021 saboda tilasta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe, aka sassauta, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. Ko kuma kowane zaure ya sake amincewa da rinjayen biyu bisa uku, ƙudurin ya zama doka ba da hannun shugaba ba. An yi haka a shekarar 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, Obasanjo na ji yana gani. Ba kasafai ake samun wannan ƙarfin hali ba.

Kasafin kuɗi yana da nasa layi na daban. Shugaban ƙasa ne ke kawo shi, ya karanta a gaban zaurukan biyu a haɗe, mutum 469, kuma Shugaban Majalisar Dattawa ne ke jagorantar irin wannan zama. In zaurukan suka kasa daidaitawa kan kuɗi, kwamitin haɗin gwiwa ma ya gaza, sai a tara su wuri ɗaya a yi ƙuri'a. A nan girman Dattawa bai hana komai ba, domin 360 sun fi 109. A wani gefen kuma Dattawa na da abin da Wakilai ba su da shi: su ke tantance ministoci, jakadu, Alƙalin Alƙalai, shugaban hukumar zaɓe da gwamnan Babban Banki.

Ga wani lissafi da ya kamata ya hana mutum barci. Zaure na iya aiki in kashi ɗaya bisa uku na 'ya'yansa sun hallara, wato sanata 37, ko wakilai 120. Ƙuduri na yau da kullum kuwa rinjayen waɗanda suka zo ake nema. Ke nan a ranar da kujeru suka yi fayau, sanata 19 da wakilai 61 sun isa su tura dokar da za ta hau kan mutum sama da miliyan 200. Tsarin mulki ya wajabta wa kowane zaure zaman kwana 181 aƙalla a shekara, amma wajabta buɗe zaure daban, cika kujeru daban. Gyaran tsarin mulki kuwa an ɗaure shi tamau: biyu bisa uku na dukkan 'yan kowane zaure, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince.

Wani kuskure da ake yawan yi, har a gidajen rediyo: a ji majalisa ta "umarci" wata ma'aikata ta gyara hanya, sai a ɗauka an yi doka. Yawancin irin wannan matsaya ce da aka cimma bayan wani ya gabatar da ƙorafi a zaure guda. Ba ta bi karatu uku ba, ba ta je ɗaya zauren ba, shugaba bai sa hannu ba. Tana da nauyin siyasa, amma minista na iya jefa ta a aljihun tebur.

Ba kowace ƙasa ke ɗaukar ɗawainiyar zaure biyu ba. Ghana ɗaya gare ta. Senegal ta rushe majalisar dattawanta a 2012, gwamnati ta ce za ta karkatar da kuɗin ga waɗanda ambaliya ta shafa. Ko a Najeriya, majalisun jihohi duk zaure ɗaya ne, kuma duk wanda ya ga yadda wasu gwamnoni ke kai kasafi da safe a amince musu kafin la'asar zai yi tunani sau biyu kafin ya ce a cire rariya ta biyu a Abuja.

Saura ɗaya, mai karatu, wanda ya shafe ka kai tsaye. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce za a gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa, Ibo da Yarabanci, da zarar an yi tanadin da ya dace. Fiye da shekara ashirin da biyar ke nan ana jiran wannan tanadi. In ɗan majalisarku ya zo gida neman ƙuri'a, ka tambaye shi ina aka kwana.