Hanyar Zama Mataimakin Likita a Amurka

A shekara ta 1965 wani likita mai suna Eugene Stead, na Jami'ar Duke a ƙasar Amurka, ya ga marasa lafiya sun fi ƙarfin likitocin da ake da su, musamman a karkara. Sai ya ɗauki mutum huɗu waɗanda suka yi aikin jiyya cikin sojan ruwa, ya shiga koya musu. Uku suka gama a 1967. Da haka aka soma aikin mataimakin likita, wato wanda yakan duba majiyyaci, ya gane cutarsa, ya rubuta masa magani, yana aiki tare da likita.

Mai karatu, ka lura da abu guda. Mutanen nan sun riga sun ɗaure miki, sun kwana a bakin gadon marar lafiya kafin su shiga aji. Har yanzu irin wannan mutum makarantun suke nema.

Mai neman shiga sai ya sami digiri na farko tukuna, ya kuma ci darussa kamar su ilimin sassan jiki, da na aikin gaɓoɓi, da na ƙwayoyin cuta. Bayan haka makarantu da yawa sukan tambayi yawan awoyin da ya yi yana hidimar majiyyata da hannunsa. Jami'ar Duke tana neman awa 1,000. Don haka matasa sukan yi shekara ɗaya ko biyu suna aikin motar asibiti, ko ɗibar jini, ko wanke tsofaffi da ciyar da su.

Yawancin makarantu suna karɓar takardun nema ta hanya ɗaya a intanet, wadda ake kira CASPA, tana buɗewa a ƙarshen watan Afrilu. Nan ɗalibi zai sa sakamakon karatunsa, da wasiƙun shaida, galibi uku, da ɗan bayani kan dalilinsa na son aikin. Yana da kyau ya aika da wuri, gama waɗansu makarantu sukan cika gurabensu tun ranar rufewa ba ta zo ba.

Wanda takardunsa suka gamsar sai a kira shi ganawa. A wani wuri malamai biyu ko uku za su zauna da shi. A wani wurin kuwa zai bi ɗakuna da dama, kowanne da tambayarsa, mintoci kaɗan a kowane ɗaki. Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta fito da wannan tsari. Ana iya ce masa, "Abokin aikinka ya yi kuskuren magani, ya roƙe ka ka rufa masa asiri. Me za ka yi?" Ba hadda ake aunawa a nan ba, hali ne.

Tambayar da takan kā da mutane ita ce, "Don me ba ka nemi zama likita ba?" Wanda ya zo domin ya rasa gurbin likitanci, bakinsa zai tona shi. Wanda ya san aikin zai ba da labarin majiyyacin da ya taɓa riƙewa, da abin da ya koya a ranar, har da kuskurensa. Idan bai san amsar wata tambaya ba, gara ya ce bai sani ba, gama mataimakin da ba ya iya faɗin haka haɗari ne ga marar lafiya.

Wanda aka ɗauka zai yi wajen wata 27 yana karatu, ya sami digiri na biyu, sa'an nan ya zauna jarrabawar ƙasa kafin a ba shi izinin aiki. Wanda aka ƙi kuwa, ƙofa ba ta rufe ba. Da yawa sukan ƙara awoyin hidima su sake nema a shekara mai zuwa.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku na da wannan buri, kada ku dubi maki kaɗai. Ku dubi yadda yake yi da kakarsa in ta kwanta ciwo. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.