TAKARDUN JIRAGEN FARAUTAR KIFIN WEL: SA HANNUN SHUGABA KO SUNAN MATUƘI?

A ƙasar Amurka akwai wasu mutane da ba su da abin da suke so kamar tara tsofaffin takardun jiragen ruwa, musamman na jiragen da suka yi farautar wel, watau ƙaton kifin nan na teku wanda masana suka ce dabba ce, don kuwa tana shayar da 'ya'yanta nono. Kafin a haƙa rijiyar man fetur a Fensilbeniya cikin 1859, da man wannan dabba ake kunna fitilu a manyan gidaje. Cikin 1846 Amurka tana da jiragen farauta sama da 700, garin New Bedford kuwa shi ya zama uwa ma ba da mama a wannan sana'a.

Ko wane jirgi in zai fita sai ya riƙe takardun shaida. Akwai wadda aka buga da harsuna huɗu, Faransanci da Sifaniyanci da Ingilishi da harshen Holan, don ko ina jirgin ya sauka a san ko na wace ƙasa ne. Akwai kuma fasfon Bahar Rum, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da Aljeriya cikin 1795. Akan yanke samansa yankan karkace, a aika da guntun can bakin tekun Afirka ta Arewa, in an tare jirgi sai a haɗa biyun a ga ko sun dace. A ƙasan takardun nan shugaban ƙasa da sakataren harkokin waje suke sa hannu, kuma abin da masu tarawa suke zuba kuɗi a kansa ke nan. Takarda mai sa hannun Thomas Jefferson da James Madison tana da farin jini ƙwarai, saboda shugabanni biyu ne a fuska ɗaya.

To, amma shugaban bai taɓa ganin jirgin ba. Takardun babu kome a rubuce yake sa musu hannu tuli guda, sa'an nan a aika wa jami'an kwastan na tashoshi, su ne za su cike sunan jirgi da na kyaftin da kwanan wata. Shi ya sa William Henry Harrison, wanda wata ɗaya kacal ya yi kan mulki ya rasu ran 4 ga Afrilu 1841, ake samun takardar jirgi da sa hannunsa mai kwanan wata bayan an riga an binne shi. Wanda bai san wannan ba sai ya ce jabu ce, alhali kuwa tana cikin mafi tsada.

Ɓarnar da son sa hannu ya jawo ba kaɗan ba ce. An sha samun masu sa almakashi su yanke sunan shugaba su watsar da sauran takardar. Akwai kuma ɓarayi: cikin 2011 aka kama Barry Landau, wani sanannen mai tara kayan tarihin shugabanni, yana satar takardu a ɗakin ajiyar tarihi na Baltimore, aka ɗaure shi shekara 7. Don haka mai saye da hankali yakan fara tambayar hannun da takarda ta bi kafin ya tambayi kuɗinta.

Takardun da ba a cika rububinsu ba kuwa su suka fi ɗaukar labari. Jerin sunayen ma'aikatan jirgi yana nuna shekarun mutum da tsawonsa da launin fatarsa da garin haihuwarsa, da yawansu ma alama kawai suke yi don ba su iya rubutu ba. A nan ake ganin samarin tsibiran Kef Bade na Afirka ta Yamma, waɗanda jikokinsu suke New Bedford har yau. Irin waɗannan takardu ne suka adana sunan Absalom Boston, baƙar fata ɗan Nantucket, wanda ya ja jirgin Industry cikin 1822 da ma'aikata baƙaƙe zalla. Kuma da aron takardar shaidar wani matuƙi Frederick Douglass ya tsere daga bauta cikin 1838, ya je ya zauna a New Bedford.

Gidan tarihin farautar wel na garin yana riƙe da littattafan tafiya sama da 2,000, inda akan buga hatimi mai siffar wel a gefen shafi ranar da aka yi kamu. Yanzu masana yanayi suna bin littattafan shafi shafi, suna kwafe abin da matuƙan suka rubuta game da iska da ƙanƙara a tekunan da babu wani mai auna su a lokacin.