Kemistirin da ke Zubewa a Ƙofar Jami'a

Sau da yawa ɗalibin da ya ci kemistiri a WAEC ko NECO, ya kuma tsallake JAMB, yakan kai aji biyu a jami'a ya kasa faɗin dalilin da ya sa hayaƙin janareta ke kashe mutane suna barci. Amsar kuwa tana cikin littafinsa na sakandare: man da bai ƙone sosai ba yana fitar da iskar kabon monoksaid, marar launi, marar wari, wadda ke maƙale wa jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya baro ta can.

Laifin yana ga yadda aka koyar da shi. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya ga yawancinsu na zubewa cikin ɗan lokaci. Haka alamomin sinadarai suke a kan yaron da aka yi wa gwaji da alli a allo, bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Abin takaici, darasin yana nan a bakin titi. A marinar Ƙofar Mata a Kano, marini kan tsamo zane daga ruwan baba da toka yana kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idon mai kallo. Aikin oksijin ke nan, kuma wanda ya gani da idonsa da wuya ya manta.

Wani zai ce mantuwa halin ɗan Adam ce, kuma mai karatun tattalin arziki ba ruwansa da wannan fanni. Gaskiya ne, ba wanda zai nemi ya riƙe jadawalin sinadarai har tsufa. Amma a 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin waken da muke dafawa kullum. Waɗanda za su rubuta doka kan haƙar ma'adinai, su kawo rahoto, su shugabanci ƙananan hukumomi, su ne ke zaune a azuzuwan jami'a yau, kuma kaɗan ne daga cikinsu za su sake shiga ajin kemistiri.