Kashi 97 cikin 100: ina ruwan gero yake tafiya?

Cikin ruwan da saiwar shuka ke zuƙa, kusan kashi 97 cikin 100 ta ƙananan kafofin ganye yake fita ya bi iska. Ɗan ragowar ne ke gina kara da zangarniya. A Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari, inda ruwan shekara ke tsayawa wajen milimita 500 zuwa 600 kuma rairayi ba ya riƙe danshi, wannan lissafin ne ke cika rumbu ko ya bar shi wayam.

Shuka ba ta da damar toshe kafofin ta huta, domin ta nan take shaƙar iskar da take haɗa abinci da ita. Idan ƙasa ta fara bushewa, wani sinadari mai suna ABA yakan taru a ganye, a wasu tsirrai har ya ninka sau 50. Shi ke sa ƙwayoyi biyun da ke gadin kowace kafa su fitar da gishirin fotashiyam, ruwa ya bi bayansa, su saki jiki, kafar ta tsuke. Sai a 2009 aka gano furotin ɗin da ke karɓar saƙon ABA a cikin ƙwayar. Wannan tsimin ruwa yana da tsada, don muddin kafa na tsuke, haɗa abinci yana raguwa.

A 2017 masana ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT suka karanta ƙwayoyin gadon gero, suka ƙirga 38,579. Na ɗan Adam bai wuce kusan 20,000 ba. Yawan kansa bai burge ni ba. Abin lura shi ne gero ya tara ƙarin ƙwayoyin gado masu haɗa kakin da ke lulluɓe ganye, kuma ana ganin suna cikin dalilan da ya sa yake jure fari da zafin da ya kai digiri 42.

Binciken da ya fi shafar manominmu ya fito daga ICRISAT ɗin a 2010. An ga irin geron da ke jure farin ƙarshen damina yana da ABA mai yawa a ganye ko da ƙasa na jiƙe. Wato tun da sauran ruwa yake tattali, ya bar danshi a ƙasa har lokacin da zangarniya za ta cika ido. Duk wanda ya ga ruwa ya ɗauke masa a farkon Satumba ya san darajar wannan.

Wake ma an karanta ƙwayoyin gadonsa a 2019, an samu 29,773, kuma irin da aka yi aikin da shi, IT97K-499-35, na cibiyar IITA ne, wanda manoma suka sani da SAMPEA 10 mai jure wuta-wuta. Ita wuta-wuta da yunwar shuka take amfani. Idan fosfaras ya yi ƙaranci a gona, saiwa takan ƙara fitar da wani sinadari na neman agajin ƙananan halittun ƙasa, shi kuma irin wuta-wuta, wanda kan yi fiye da shekara 10 kwance cikin rairayi, wannan sinadarin yake jira ya tsiro.