Rediyon 'yan sha'awa: ina yaranmu a TY?

Babu gidan Bahaushe a Banikanni ko Zongon Djougou da ba a san murɗa akwatin rediyo a gajeren zango ba. Da asuba dattawanmu na neman London ko Jamus. Sauraro kam mun gwanance. Abin da ba mu koya ba shi ne yin magana a kan wannan zango, alhali doka ta ba da hanya.

Akwai mutane a duniya da ake kira "radioamateurs". Ba ma'aikatan gidan rediyo ba ne, ba kuma kuɗi suke nema ba. Mutum zai yi karatu, ya sami izinin hukuma, a ba shi lambar kira tasa shi kaɗai. Ta ƙasar Benin da TY take farawa, ta Nijeriya 5N, ta Nijar 5U, ta Togo 5V. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, tun 1925 aka kafa ta a Paris. A nan gida izinin zangon rediyo yana hannun hukumar ARCEP.

Karatun bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Mu da muke riƙe da alli mun duba: lissafin lantarki ne, irin dokar Ohm, da sanin dokokin zango, da ladabin kira. A da sai an iya haruffan Morse kafin a hau gajeren zango. Taron ITU na 2003 ya bar wa kowace ƙasa zaɓinta.

Amma takarda kaɗai ba ta yin gwani. Sai yaro ya yanki waya mai tsawon kamar mita 10, ya raba ta biyu, ya ɗaure tsakanin mangwaro da dogon yaro, ya ga ta zama eriyar zangon mita 20. Sai ya zauna makonni yana sauraro yana rubuta lambobi a littafi, ya gane da kunnensa cewa mita 20 da rana take kai wa nesa, mita 40 kuwa sai dare ya yi. Daga nan ne zai ce "CQ", wato kira ga duk mai ji, murya na rawa. Duka wannan da batirin mota ake yi. Ɗauke wuta ba ya hanawa, katsewar salula ma haka.

Ga abin da ke ci mana rai. Da yake masu TY kaɗan ne, duniya na ɗokin jin su. Shi ya sa Turawa daga Faransa da Italiya sukan zo bakin teku, su kafa eriya 'yan kwanaki, su yi magana da dubban mutane, su naɗe kayansu su tafi. Mu kuma ga samari nan a kewayen kasuwar Arzeke suna gyaran rediyo da salula, hannunsu ya faɗa da dalma. Rabin aikin sun riga sun iya.

Ɗakin aji ɗaya ranar Asabar, da tsohuwar rediyo mai kama SSB, sun isa a fara, don sauraro shi ne darasin farko. Allo da alli muna da su. Wanda ke da irin wannan rediyo ajiye a gida, ya leƙo makaranta ya same mu.