Motsa Jiki Tun Ana da Ƙarfi Shi Ne Guzurin Tsufa

Kowane mutum yana fatan tsawon rai. Amma abin da ya kamata a haɗa da wannan fata shi ne a tsufa da ƙarfi, wato dattijo ya iya tashi daga tabarma da kansa, ya yi wanka, ya kewaya, ya tafi masallaci ko coci ba tare da an riƙe shi ba. Ana tanadin wannan ƙarfi ne tun tsakanin shekara 40 zuwa 60.

Dalilin haka

Likitoci sun tabbatar cewa daga shekara 30 naman jikin mutum yakan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60. Zama wuri ɗaya yana gaggauta ta. Idan cinyoyi suka yi rauni, faɗuwa takan zo da sauƙi, kuma karayar ƙugu takan kwantar da tsoho, ɗawainiyarsa ta koma kan iyali.

A shekarar 1953 wani likitan Ingila, Dakta Jeremi Moris, ya bayyana binciken da ya yi kan ma'aikatan bas mai bene a birnin Landan. Ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, masu wuni a zaune, a kan kwandastoci, masu wuni suna hawa da sauka.

Wannan darasi ya shafi garuruwanmu. A ɗauki unguwar Kwararafa da ke tsakiyar Jos. Ɗan dako a kasuwarta yana samun motsi cikin sana'arsa. Mai shago, da tela, da direban Keke kuwa, sukan wuni a kan kujera. A gida ma, injin niƙa ya rage wa mata aikin daka. Sauƙi ne, amma jiki yana bukatar a mayar masa da abin da ya rasa.

Gwargwadon da ake bukata

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba babba shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Tafiyar sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ta cika mafi ƙarancin adadin. Alamar saurin da ake nufi ita ce numfashi ya ɗaga, amma mutum yana iya magana. Hukumar ta ƙara da aikin ƙarfafa naman jiki kwana 2 a mako, kamar tashi da zama a kujera sau 10, ɗaukar kaya matsakaita, noma ko hawan tudu.

Ba a bukatar kuɗi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka sanyinta yana ba da damar tafiya safe da yamma. Mazaunin Kwararafa yana iya takawa zuwa Taminus maimakon hawa Keke. Mutanen garuruwa masu zafi, irin su Sakkwato da Maiduguri, su fita da sassafe, su kuma yawaita shan ruwa. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida da sauri.

Gargaɗi

Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ya fara ganin likita. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya soma da minti 10, ya riƙa ƙarawa a hankali. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi, ya tsaya nan take ya nufi asibiti.

Ana kira ga magidanta, da shugabannin 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin mata, su isar da wannan bayani ga jama'arsu. Rigakafi ya fi magani.