Idan bidiyon biki ya ƙi shiga rumbu, a fara duba kebul

Ɗaukar hoto da bidiyon aure da suna ya zama sana'a a Madarunfa kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, kuma mai wannan aiki ba ya daɗewa kwamfutarsa ta cika. Mai hali yakan sayi ƙaramin akwatin ajiya da ake kira NAS, irin na Synology ko QNAP. Wani kuma sai ya gyara tsohuwar kwamfuta ya mayar da ita rumbu. Matsalar takan taso ne ranar da aka so zuba aiki a ciki: bidiyo mai jiga 20 ya kama hanya yana rarrafe, mai biki na jira a bakin shago, sai ka ji an ce rezo ne babu kyau.

Rezon Airtel, Moov ko Zamani ba shi da hannu a nan. Fayil ɗin da ya tashi daga kwamfutarka zuwa rumbun da ke ɗaki ɗaya da ita bai fita gida ba, saboda haka sayen ƙarin mega asarar kuɗi ce kawai. Hanyarsa gajera ce: faifan kwamfuta, kebul ko wifi, akwatin wifi da ke raba layi, sannan faifan rumbu. Wanda ya san noman rani a Jiratawa ya san ruwa ba ya isa kadada fiye da abin da mafi ƙunci a cikin magudanan ya bari ya wuce. Aikin mai gyara shi ne gano wurin da ya ƙuntata.

Lambar da kwamfuta ke nunawa lokacin kwafi ita ce shaida ta farko. Idan ta tsaya cak a wajen mega 11, wato megabayit 11, a daƙiƙa, ba ta hawa ba ta sauka, kusan ko yaushe layin ya faɗo ne zuwa megabit 100, domin bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Layin gigabit mai lafiya yana ba da kusan mega 110. A na farko jiga 20 kan ci rabin awa, a na biyu minti uku.

Kebul ɗin yana da siraran wayoyi takwas a ciki. Gigabit na buƙatar dukansu, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Idan ɗaya daga cikin sauran huɗun ta tsinke, ko wanda ya matse kan bai matse da kyau ba, na'urorin sukan sauka ƙasa da kansu ba tare da sun yi gargaɗi ba, fitila na ci, komai kamar lafiya lau. Ɓera, murfin ƙofa da zafin rana a kan kwano duk suna yin wannan ɓarna. Akwai kuma kebul mai arha da ke yawo a kasuwa, alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe, saurin karyewa gare shi. A ganina duk mai rumbu ya ajiye gajeren kebul Cat5e ko Cat6 mai kyau domin gwaji. In an sauya bai canza ba, a karanta bayanin akwatin wifin, don da yawa daga cikin masu arha ramukansu na megabit 100 ne tun daga masana'anta.

Idan lambar tana hawa tana sauka, a zargi wifi. Zangon 2.4 GHz yana ratsa bango amma ba shi da sauri, kuma duk salular gidan na raba shi. Na 5 GHz ya fi gudu, sai dai katangar ƙasa mai kauri ko ta siminti tana karya shi. Babban aiki na kebul ne. Shi ma faifan da aka maƙala a ramin USB na akwatin wifi ba ya gudu: USB 2.0 da ƙyar yake wuce mega 35, ƙwaƙwalwar akwatin kuma takan gaji kafin nan.

Hotuna dubbai ƙanana sun fi bidiyo ɗaya babba cin lokaci ko da nauyinsu ɗaya, domin kowane sai an buɗe masa wuri an rufe. A dunƙule su cikin zip kafin a tura.

Akwai kuma kwafin da ke farawa da gudu sannan ya durƙushe bayan ƴan mintuna. Wannan alamar faifai ce nau'in SMR, wanda layukan rubutunsa ke hawa kan juna, sai ya sake rubuta na maƙwabta kafin ya ci gaba. A 2020 kamfanin Western Digital ya amince cewa wasu faifansa na WD Red irin wannan ne. Mai sayen faifai don rumbu ya nemi nau'in CMR.

Sauran biyun namu ne na gida: wuta da zafi. Lantarkin da NIGELEC ke rabawa a yankin Maraɗi ya dogara sosai da layin da ke zuwa daga Katsina, kuma mutane ba su manta da abin da ya faru ba da Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023. Duk lokacin da wuta ta ɗauke rumbu na cikin rubutu, in mai faifai biyu ne yakan shafe awoyi yana daidaita su, yana aiki a hankali, kuma wata rana aikin ne zai lalace gaba ɗaya. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. A ɗora akwatin a kan tebur inda iska ke shiga, a riƙa hure ƙurar, a duba shafin lafiyar faifai da ake kira SMART.

Ga masu ɗaukar biki daga Madarunfa har Ɗan Isa, roƙona shi ne kafin a sayi sabon rumbu a sayi batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, a kuma ajiye kwafi na biyu na aikin mutane a wani faifai dabam.